Yabon da Na Yi wa Katsina

Asabar, bayan la'asar

Yau na bi Maimuna, ƙanwar mijina, kasuwa, kuma na ba da kaina. Mai tumatir ya faɗi kuɗi, ni kuwa na buɗe baki na ce, "Na guda nawa?" Na zaci irin na Legas ne, a jera miki huɗu a faranti kamar ƙwan zabo. Ashe kuɗin kwano guda yake nufi, cike har da tozo. Ya dube ni, ya dubi Maimuna, ya ce, "Malama, baƙuwa kuka yi?" Ta ce, "Ɗiyar Agege ce, yi mata haƙuri." Har gyara ya ƙara min, wai don in san na zo gari.

A Agege aka haife ni, can na yi wayo, can aka ɗaura min aure da Mudassir. A takarda dai zan iya rubuta sunansa, a baki Baban Nafisa ne. Zuwana Katsina a baya duk na sallah ne, a ci nama a koma. Wannan karon da katifa muka zo, da tukwane, da yara biyu, kuma ba wanda ya tambaye mu yaushe za mu koma. Abin da ya faru a kasuwar su Baban Nafisa a Legas ba zan rubuta shi ba. Ya faru, shi ke nan.

Lahadi, da hantsi

Gidan surukata Hajiya Asabe yana Ƙofar Marusa. Tsakar gidan kaɗai ya ninka ɗakin da muke biya wa haya a Agege, ga bishiyar lemun tsami, ga rijiya. Rijiya a cikin gida! Na tsaya ina leƙa ta kamar ban taɓa ganin ruwa ba. Ni da nake jiran mai kura tun asuba, in sayi jarka in yi ta auna ta kamar man gyaɗa.

Matar nan ta burge ni. Kafin in idar da sallar asuba ta hura wuta, ta fara zuba waina a tanda, masu saye sun yi layi da kwanoninsu a zaure. Ba ta ɗaga murya, amma gidan kaf da idonta yake tafiya. Abu ɗaya ke ba ni dariya. Baban Nafisa shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Yana zaune a kan tabarma, in ta miƙa hannu za ta taɓa shi, amma sai ta ce, "Ramla, hwaɗa ma mijinki abinci ya sauka." Ni kuma in juya in faɗa masa, shi kuma ya ce, "Ki ce mata na gode." Na zama tafinta tsakanin uwa da ɗa, kuma dukansu Hausa suke ji.

Bai ci da yawa ba.

Talata, da azahar

Tifar yashi ta wuce ta bakin layi tana ruri. Baban Nafisa ya miƙe zumbur daga zaune, ya tsaya yana kallon ƙofa, sannan ya koma ya zauna. Hajiya ta ci gaba da tsintar shinkafa kamar ba ta gani ba. Ni ma na yi kamar ban gani ba.

Alhamis, bayan asuba

Ya tafi Abuja. Abokinsa Abbas yana da shagon yadi a can, ya ce ya zo ya gani ko akwai abin yi. Ya ce in sun daidaita zai dawo mu san inda za mu zauna kafin a koma makaranta. "Mu" ya ce. Na ji da kunnena.

Asabar, da hantsi

Rabon da in yi barci irin na garin nan tun ina budurwa. A Legas kafin kiran sallah nake tashin Nafisa, in yi mata wanka tana gyangyaɗi, don kada cunkoson mota ya kama mu. Nan kuwa makarantar unguwa tana bayan masallaci, yara na tafiya da ƙafa suna gutsirar rake. Jiya ɗan acaɓa ya kai ni Ƙofar Guga gaida wata gwaggonsu, kafin in gyara zama ya ce mun iso. Na ce masa, "Har yanzu?" Ya ce, "To Hajiya, ko in zagaya da ke?"

Nafisa ce dai ba ta yi na'am da garin ba. Shekararta tara amma bakin na tsofaffi. Wai babu burodi mai laushi, wai yara na yi mata dariya don tana cewa "lafiya" su suna cewa "lahiya". Ƙaninta Sagir shi ba ruwansa, ya samu kaji yana bi, ƙafa duk toka.

Lahadi, bayan magariba

Ya kira. Muryarsa a ƙasa, na ji gajiya a ciki. Ya ce Abuja ga titi kamar an goge da tsumma, ga fitilu, amma masu aiki a cikinta ba a cikinta suke kwana ba. Shi da yaran shagon Abbas a Mararaba suke, su fito da duhu su koma da duhu. Ya ce kuɗin hayar ɗaki ɗaya a can, a Katsina gida ne da ƙofarsa.

Tausayinsa ya kama ni, na ce bari in faranta masa. Na kwashe komai na zuba masa: tumatir, rijiya, naman da mahauci ya yanko min har na ce ya rage, nonon da Bafulatana ke kawowa har tsakar gida, maƙwabtan da suka yi ta aiko da kwano tun ranar da muka sauka. Na ce masa wallahi garinku akwai albarka, ban san me ya fitar da ku ba. Ya yi dariya, karon farko tun ranar da abin kasuwar nan ya faru. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Kin kwantar min da hankali, Ramla." Na ajiye waya ina jin daɗin kaina.

Laraba, bayan la'asar

Maimuna ta zo daga Ƙofar Kaura, ta zauna ta buɗe mana makarantar garuruwa. Malama ce, in ta fara bayani sai an buga ƙararrawa. Ta yi karatu a Kano, ta yi bautar ƙasa a Abuja, don haka kowane gari tana da hukuncinsa. Legas, a cewarta, kuɗi na shiga ta ƙofa yana fita ta taga. Abuja garin kallo ce, ka ci da ido ka kwana da yunwa. Kano ta fi su mutunci, akwai ciniki akwai abinci, amma yanzu ita ma hayaƙi da cunkoso sun fara yi mata yawa. Ta rufe da cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ina ta gyaɗa kai, har ina ƙara mata hujja. Sai ta ce, "Ai shi ya sa na ji daɗi da Yaya ya kira ni. Ya ce ke da bakinki kin ce garin ya yi maki. Na ma samo ma Nafisa gurbi a makarantarmu, kuma ran Asabar Audu magini zai zo ya duba ɗakinki, a zagaye maki banɗaki. Shi Yaya ya riƙa zuwa da sallah, kamar kowa."

Kamar kowa.

Na ce mata madalla. Na tashi na shiga ɗaki wai zan duba Sagir, alhali yana bayanta a goye.

Alhamis, da asuba

Baki shi ke yanka wuya.

Asabar, da azahar

Audu magini ya zo da igiyar awo. Mutumin kirki, sai fara'a. Ya tambaye ni ta wane gefe nake son ƙofa. Na ce duk inda ya ga dama. Na ba shi ruwa, na ba shi waina.

Ina jin haushi, kuma ban san wa zan ji wa ba. Ba wanda ya cuce ni. Ana gina min banɗaki ne.

Lahadi, bayan la'asar

Nafisa ta yi ƙawaye. Na leƙa waje na same su sun gina gidaje da jiƙaƙƙen yashi, layi-layi, har da ƙofofi na kara. Sai ta ɗauko gawayi ta yi wa kowanne alama, ta ja da baya, ta zo da gudu tana ruri da baki, ta bi su da ƙafa tana ihu, "Rusau! Rusau!" Sauran yaran suka yi ta dariya, sun samu sabon wasa.

Ban san ta gani ba. Na zaci tana makaranta ranar da aka shiga kasuwar su babanta.

Na kira ta, na wanke mata ƙafa, ban yi mata faɗa ba.

Talata, da hantsi

Na ƙudurta in nemo aibin Katsina in kai masa. Na fita da niyya kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Akwai dai, ba a rasa ba. Wuta sai ta ga dama. Masara ta yi tsada, don mutanen ƙauye da yawa sun baro gonakinsu sun shigo birni, kowa ya san dalili. Ɗan acaɓan da ya ɗauko ni ma daga ƙauye ya zo. Na ce masa garinku da araha, ya ce, "Ga mai kuɗin Legas ko, Hajiya. Mu da ke nema a nan, arahar muna ganinta ne a hannun mutane." Gaskiya ya faɗa. Abin da ya fitar da su Baban Nafisa ke nan tun farko, kaya da sauƙi amma kuɗin saye babu.

To da yamma ya kira, na fara jero masa: sauro, zafi, rashin wuta. Ya ce, "Ramla, ke da kika tashi a Agege kike kawo min ƙarar sauro?" Ni kaina sai da na yi dariya. Na kasa yi wa garin nan sharri. Ina cikin maganar ma matar maƙwabcinmu ta miƙo dambun zogale ta kan katanga, ya ji ina godiya. Abin da nake son faɗa masa daban ne. Mutumin da ya rasa shagonsa a wuni guda, yana kwana a ƙasa don mu ci, ta yaya zan ce masa ya ƙara ɗaukar kaya?

Alhamis, bayan azahar

An yi ruwa sosai. Ɗakina na yoyo ta kusurwar gabas, na rasa inda zan tara. Hajiya ta shigo da roba, ba ta ko ɗaga kai ba ta ajiye ta daidai wurin. Na ce, "Hajiya, ya aka yi kika sani?" Ta ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake mashi yoyo. Nan na zauna lokacin Alhaji yana Legas."

Na san surukina marigayi Alhaji Bala ya yi fataucin shanu a kudu, amma ban taɓa tambayar shekara nawa ba. Ta tsaya tana kallon ruwan yana ɗiga. Sannan ta dube ni ta ce, "Kwana biyu ba ki yabon tumatir." Na sunkuyar da kai. Ta fita.

Matar nan tana ganin har abin da ke cikin tukunya a rufe.

Asabar, da la'asar

Ya dawo. Ya rame, ya yi baƙi, amma kafaɗarsa ta ɗan miƙe. Abbas ya ba shi gefen shago. Ya kawo wa Nafisa burodi, ta karɓa ta ce ai ita yanzu waina take ci. Ya zagaya ya ga bulon da Audu ya jera, ya ce aiki ya yi kyau.

Lahadi, bayan la'asar

Wannan kam sai na rubuta shi.

Muna tsakar gida. Hajiya na wanke tanda ta ba mu baya, shi yana kan tabarma, ni ina tsinke zogale. Ya ce min in faɗa wa Hajiya cewa ran Laraba zai koma, kuma ya bar mata amanar iyalinsa. Na buɗe baki in maimaita kamar kullum, maganar ta ƙi fita.

Hajiya ba ta juyo ba. Ta ce, "Ramla, hwaɗa ma mijinki ban amshi amanar ba."

Na kalle shi. Ya ji, amma ƙa'ida sai na faɗa. Na ce, "Hajiya ta ce ba ta karɓa ba."

Ya ce, "Ki ce mata na yi lissafi ne. Ɗaki ɗaya ne a Mararaba, ruwa saye ake, makaranta ba a magana. Nan komai da sauƙi. Ke da kanki kin faɗa."

Ta ce, "Hwaɗa mashi lissahin ubanshi ne, na san shi. Haka aka zaunar da ni aka ce Legas tsada, Katsina araha. Kuma ba a yi ƙarya ba. Na ci naman Katsina da araha shekara da shekaru, ni kaɗai. Tambaye shi ko ya tuna ranar da ya ga baƙo a zaure ya ruga ya ɓoye bayan randa, aka yi ta lallashi shi hito shi gaida ubanshi."

Ban iya maimaita wannan ba, kuma ba ta ce in maimaita ba. Na ga ya sunkuyar da kai yana murza gefen tabarma.

Sai ta ce, "To saura naki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni na gama nawa, ban da bakin da zan ara maki."

Wallahi na gwammace ƙasa ta tsage. A gaban surukata! Amma na ajiye zogalen na ce, "Baban Nafisa, duk abin da na faɗa a kan garin nan gaskiya ne, ban janye ko ɗaya ba. Ban taɓa zama inda ya kai shi daɗi ba. Amma ba don ka ajiye ni na yabe shi ba, don ka yi dariya ne. Ba na son in zama matar sallah. Ɗakin ko na kaza ne, ka tafi da ni."

Can ya ce, "Za ki sha wuya, Ramla." Na ce na sani, ai ba daga Makka na zo ba.

Hajiya ta kife tandar, ta ɗauki buta ta shige ɗaki. Ba ta fito ba sai magariba, kuma idonta ya yi ja. Ta ce hayaƙi ne.

Litinin, da hantsi

Da ni za a tafi. Na yi sujada a ɗaki, na tashi na rasa me ke damuna.

Litinin, bayan magariba

Na gano abin da yake. Mun zauna da shi, wannan karon ba tafinta, mun juya maganar ta kowane gefe. Ɗakin zai ɗauke mu da Sagir. Makarantar da za mu iya biya wa Nafisa a can, sai ta tsallaka babban titi da duhun asuba, irin rayuwar da na yi murnar ta rabu da ita. Nan kuwa ga gurbi, ga Maimuna, ga islamiyya a bakin layi, ga Hajiya.

Ni ce na fara faɗa, ba shi ba. Na ji bakina yana cewa nan ya fi mata sauƙi, nan ya fi mata kwanciyar hankali, shekara ɗaya ce kawai kafin mu tsaya da ƙafarmu. Ina faɗa ina jin muryarsa ta jiya a cikin tawa.

Na je na sami Hajiya. Ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Wannan na amsa. Amma shekara guda kika ce, kuma ni ba ni mantuwa."

Talata, da azahar

Na faɗa wa Nafisa. Na shirya lallashi, har na tanadi alkawura. Ta tambaye ni ko za ta riƙa kwana a gadon Hajiya. Na ce e. Ta ce, "To lahiya lau," ta fita wurin ƙawayenta.

Na zagaya unguwa sallama. Kowane gida sai an riƙe ni, sai an ba ni wani abu: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji. Wata tsohuwa ta ce, "Can an ce har gaisuwa saye ake, tahi da taki." Na yi dariya har da hawaye, kuma ba duka na dariya ba ne. Ina son garin nan. Na rubuta a nan don kada wata rana in ce ban faɗa ba.

Laraba, da sassafe, a tasha

Motar ba ta cika ba, ina rubutu a kan cinyata. Sagir na barci a jikin babansa.

Yau aka koma makaranta. Ni na yi wa Nafisa wanka, rana ta riga ta fito, ba gyangyaɗi ba gaggawa. Hijabin ya yi mata tsawo, na ce a rage, Hajiya ta ce a bari za ta cike shi. Ƙawayenta suka yi sallama daga zaure. Na riƙe hannunta na fara jero mata: ta yi wa Hajiya biyayya, ta riƙa wanke ƙafa kafin ta hau gado, in ta yi kewata ta ce a kira ni. Tana ta leƙen ƙofa. Ta ce, "Umma, za mu makara."

Na sake ta. Na bi su har bakin layi da mayafina a karkace. Su biyar, an saka ta a tsakiya, wata ta raba rake ta miƙa mata. Na tsaya ina jira ta waiwayo. Na san rashin waiwayen shi ne alheri, shi ne abin da na zaɓa mata da bakina, amma Allah ya sani na so ta yi kuka ko kaɗan ne. Suka sha kwanar masallaci tana dariya.

Kwandasta na kiran saura mutum ɗaya. Baban Nafisa ya miƙo min ruwa, ya ce in sha. Na karɓa na riƙe, idona na kan hanyar Ƙofar Marusa.